Kacici-kacicin jarida: Wasan Turawa da ya yi kama da gadon Daura

Fiye da shekaru ɗari ke nan da jaridu suka soma buga wasan nan na cike gurabe da kalmomi, wanda Turawan Ingila suka mayar da shi fagen gwada kaifin basira da zurfin karatu. Sai dai wanda ya san labarin Bayajida, ko ya taɓa zama gaban malamin zaure, zai tarar da cewa dabarun wasan ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa.

Sandamu dai ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar da ke ƙarƙashin masarautar Daura a jihar Katsina, tare da Daura da Baure da Mai'aduwa da kuma Zango.

Sunan yana da haruffa bakwai. Idan aka yanka shi gida uku, sai ya koma magana mai ma'ana: san da mu.

Ba wannan ne asalin sunan garin ba, wasa ne kawai da harshe. To amma a kan irin wannan wasa ne aka gina ɗaya daga cikin shafukan da aka fi karantawa a manyan jaridun Birtaniya, wato kacici-kacicin kalmomi mai ɓoyayyar ma'ana.

Da a ce za a sa Sandamu cikin irin wannan shafi, ba za a tambayi mai karatu sunan wata ƙaramar hukuma kai tsaye ba. Za a rubuta masa ne kamar haka: “Ya kamata ku san da mu, in ji mutanen wani yanki na ƙasar Daura (7).” Amsar tana kwance cikin jimlar, yana kallonta, amma sai ya lura zai gan ta.

Asalin wasan

A ranar 21 ga watan Disamba na shekarar 1913 ne jaridar New York World ta Amurka ta buga wasan farko irin wannan. Wanda ya tsara shi wani ɗan jarida ne haifaffen birnin Liverpool na Ingila, mai suna Arthur Wynne.

Tsarin mai sauƙi ne. Ana zana gidaje kamar na dara, ana ba da tambayoyi, mai karatu kuma yana cike gidajen da haruffa, wasu kalmomin a kwance, wasu a tsaye, suna gilma juna.

A farkon shekarun 1920 wasan ya tsallaka zuwa Birtaniya, inda wasu masu ilmin adabi suka ga cewa ya yi sauƙi da yawa. Cikinsu har da Edward Powys Mathers, mawaƙi kuma mai fassara, wanda ya mayar da littafin Dare Dubu da Ɗaya zuwa Ingilishi daga fassarar Faransanci.

Daga shekarar 1926 har zuwa rasuwarsa a 1939, Mathers ya riƙa tsara wa jaridar Observer tambayoyi masu wuyar gaske. Ya kuma laƙaba wa kansa sunan Torquemada, wani babban alƙalin kotun coci a ƙasar Spain da ya yi ƙaurin suna wajen azabtar da mutane.

Wanda ya gaje shi, Derrick Macnutt, malamin makaranta ne, shi ma ya ɗauki sunan wani alƙalin kotun, Ximenes. A shekarar 1966 ya wallafa littafin da ya shimfiɗa ƙa'idojin wasan.

Na ukunsu, Jonathan Crowther, wanda ya karɓi aikin a 1972, ya kira kansa Azed. Idan aka karanta sunan daga baya sai ya ba da Deza, sunan wani alƙalin kotun na uku.

Ita kuwa jaridar Times ta Landan, sai a ranar 1 ga watan Fabrairun 1930 ta shiga sahu.

Yadda ake kwance ƙullin

Babbar ƙa'idar wasan ita ce adalci. An yarda mai tsara tambaya ya ɓatar da hankalin mai karatu, amma ba a yarda ya yi masa ƙarya ba.

Saboda haka kowace tambaya takan ƙunshi abubuwa biyu. Akwai ma'anar amsar kai tsaye, wadda kan zo a farkon jimla ko a ƙarshenta. Akwai kuma hanyar da za a bi a gina kalmar daga haruffa ko gaɓoɓi. Lambar da ke cikin baka a ƙarshe tana nuna yawan haruffan amsar.

Misalan da ke tafe an ƙirƙire su ne da Hausa domin a fahimci hanyoyin.

Hanya ta farko ita ce kalma ɗaya mai ma'ana biyu: “Abin kwanciya da ake rabawa bayan rasuwa (4).” Amsar ita ce gado. Haka nan, “Aikin jariri, mahaɗin miya (4)” zai ba da kuka.

Ta biyu ita ce juya kalma: “An juya masa, sai ga ta can bisa (4).” Mai karatu zai ɗauka ana maganar mai suyar masa ce a bakin tanda. Alhali umarni aka ba shi ya juya gaɓoɓin kalmar, ma-sa ta koma sa-ma. Da irin wannan juyi ne gari ke komawa riga, bara kuma ta koma raba.

Ta uku ita ce haɗa ƙananan kalmomi su haifi babba: “Duba, babe: abin da bawa ke roƙon Ubangijinsa (6).” A madadin duba sai a sa ga, a madadin babe a sa fara. Idan aka haɗa su sai a sami gafara.

Ta huɗu kuma ita ce ɓoye amsa cikin jimla, kamar yadda aka gani a misalin Sandamu.

Amfanin raba tambaya gida biyu shi ne, wanda ya gano amsa ba ya bukatar kowa ya tabbatar masa. Ma'ana ta nuna kalmar, ginin haruffa ma ya nuna ta, shaidu biyu sun haɗu ke nan.

Sai wanda ya yi karatu

A shekarun farko, tambayoyin jaridar Times da takwarorinta sun dogara ƙwarai a kan adabi. Masu tsara su sun ɗauka cewa mai karatu ya san wasannin kwaikwayon Shakespeare, ya san Baibul, ya kuma ɗanɗani Latin da tatsuniyoyin Girkawa a makaranta.

Akan kawo baitin waƙa a cire kalma ɗaya a ce a cike, ko a ambaci wani tauraron labari ta hanyar siffarsa ba tare da an kama sunansa ba.

Gwamnatin Birtaniya ma ta ɗauki wasan da muhimmanci. A watan Janairun 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, jaridar Daily Telegraph ta shirya gasar warware shi cikin minti 12. Daga bisani hukumomin soja suka tuntuɓi wasu daga cikin waɗanda suka yi fice, aka ɗauke su aiki a Bletchley Park, cibiyar da ake kwance saƙonnin sirri na Jamus.

A shekarar 1944 kuma, makonni kaɗan kafin dakarun ƙawance su sauka a gaɓar tekun Faransa ranar 6 ga watan Yuni, sai aka ga sunayen sirri na shirin, irin su Utah da Omaha da Overlord, suna fitowa a matsayin amsoshi a wannan jarida. Jami'an leƙen asiri sun yi wa mai tsara wasan, Leonard Dawe, wanda shugaban wata makaranta ne, tambayoyi, amma ba a same shi da laifi ba.

Wani limamin coci mai suna John Graham, wanda ya shafe fiye da shekaru hamsin yana tsara wa jaridar Guardian wasan da sunan Araucaria, ta cikin amsoshin wani wasa ya sanar da masu karatunsa cewa ya kamu da cutar daji. Ya mutu a watan Nuwamban 2013.

Sunayen da ke cikin labarin Daura

A ƙasar Hausa, labarin da aka fi sani game da kafuwar sarauta shi kansa cike yake da wasa da kalmomi.

Kamar yadda ake bayar da shi a Daura, wani ɗan sarki ne ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Borno, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso Daura cikin dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana.

Da ya nemi ruwa, sai aka ce masa macijin da ke rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya je ya kashe macijin, sarauniya Daurama kuma ta aure shi.

Masu ba da labarin sukan ce sunansa na asali Abuyazidu, amma da yake bai iya Hausa ba lokacin da ya zo, sai aka riƙa cewa ba ya ji da. Daga nan aka sami Bayajida. Wannan ita ce dabarar nan ta haɗa ƙananan kalmomi su zama suna guda.

Sunan macijin Sarki, don haka aka kira wanda ya kashe shi Makas-Sarki.

Sai kuma sunayen 'ya'yansa biyu, waɗanda tamkar habaici ne da martaninsa. Kuyangar da Daurama ta ba shi, Bagwariya, ita ta fara haihuwa, ta sa wa ɗanta Karɓagari, wato ya karɓe garin. Da Daurama ta haifi nata, sai ta kira shi Bawo, ma'ana a dawo da garin ga masu shi.

'Ya'yan Bawo shida ne aka ce sun yi sarauta a Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, waɗanda idan aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari kuma aka jingina musu Banza Bakwai.

Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan labarin. Wasu na alaƙanta Bayajida da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a arewacin Afirka aka kashe shi a shekarar 947, wasu kuma na ganin labarin hanya ce ta bayyana dangantakar da ke tsakanin masarautun.

Ko ma dai mene ne gaskiyar lamarin, sunayen sun yi aiki. Da su aka riƙe labarin a ka, daga baki zuwa baki, tsawon ƙarnuka. Wanda ya tuna ma'anar Karɓagari da Bawo ya tuna rikicin gadon sarautar da ke tsakiyar labarin.

Shi ya sa tambaya kamar “Jikan mai kashe maciji da ya sauka a tumbin giwa (7)” ba za ta gagari ɗan Sandamu da ya ji labarin a bakin kakarsa ba. Tumbin giwa kirarin Kano ne, jikan kuwa Bagauda.

Ba ni gari

A ƙauyukan Sandamu, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, kacici-kacici abokin tafiyar tatsuniya ne, wanda aka saba yi da dare bayan an ci tuwo.

Yaro zai ce shanunsa dubu amma maɗaurinsu ɗaya, a ce masa tsintsiya. Wani ya ce baba na ɗaka gemu na waje, a ce masa wuta da hayaƙi.

Wasan yana da dokarsa. Idan aka kasa amsa, mai tambaya zai ce a ba shi gari. Sai an ba shi garin da ya gamsu da shi, Kano ko Katsina ko Makka, kafin ya faɗi amsar. Idan kuwa amsar ba ta dace da siffar da ya bayar ba, sauran yara ba za su yarda ba. Ita ce ƙa'idar adalcin da Macnutt ya rubuta a littafi, yara suna aiki da ita a dandali.

Akwai kuma zaurance, inda ake sauya wa gaɓoɓin kalma wuri, ko a cusa wata gaɓa a tsakaninsu, domin a yi magana gaban mutum ba tare da ya gane ba. Mai jin zaurance ba zai ɓata lokaci ba wajen gano cewa masa da sama haruffansu ɗaya ne.

Manya su ma suna da nasu. Karin magana da habaici duk magana ce mai rufi, wadda ake faɗin wani abu ana nufin wani.

A fada kuwa akwai zambo. Makaɗan sarauta irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sukan siffanta abokin hamayyar ubangidansu ta hanyar tafiyarsa ko rawaninsa ko wata ɗabi'arsa, ba tare da sun kama suna ba. Baƙo zai ji waƙa kawai, amma 'yan fada sun san wanda ake nufi. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka kuma binne shi a Daura, shi ma gwani ne a wannan fage.

Kirarin garuruwa ma haka yake aiki. Da an ce ta Dikko ɗakin kara, an san Katsina ake nufi. Da an ce ta Abdu tushen Hausa, an san Daura ce.

Abin da ake karantawa a zaure

Wanda ya yi nisa a karatun zaure ya ma fi kowa kusa da wannan wasa.

Cikin littattafan lugga da malamai ke karantar da manyan ɗalibai a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya akwai Maƙamatul Hariri, wanda malamin Basra, Al-Hariri, da ya rasu a shekarar 1122, ya rubuta. Labarai hamsin ne na wani mai wayo da fasahar baki, Abu Zaid.

A ɗaya daga cikinsu akwai jimlolin da ake karantawa daga farko ko daga ƙarshe su ba da abu guda. A wata kuma akwai wasiƙar da aka jera haruffanta, mai ɗigo na bin marar ɗigo.

A maƙama ta 32 an yi wa Abu Zaid tambayoyin fiƙihu guda ɗari, ya ba da amsoshin da a zahiri suka saɓa wa shari'a. Sirrin shi ne kowace tambaya tana ɗauke da kalma mai ma'ana biyu, shi kuma ya amsa ne bisa ma'anar da ba a saba da ita ba. Malaman balaga suna kiran wannan tauriyya.

Maƙama ta 36 kuwa ta fi kowacce kama da shafin jaridar Times. Akan ba mutum gajeriyar magana, ya nemo wa kowace kalma takwararta, ya haɗa su, sai su haifi wata kalma dabam mai ma'anar da ba ta da alaƙa da ta farko. Tsarin ga da fara ke nan, shekaru kusan ɗari takwas kafin Torquemada.

Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun shigar da irin wannan fasaha cikin waƙoƙinsu na Larabci da Fulatanci da Hausa.

Mafi shahara ita ce ramzi. Kowane harafin Larabci yana da lambarsa, don haka maimakon mawaƙi ya rubuta shekarar da ya gama waƙa, sai ya dunƙule ta cikin kalma guda a baitocin ƙarshe, mai karatu ya yi lissafi.

Alal misali, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a shekarar 1232 bayan hijira, wadda ta yi daidai da 1817. A lissafin da ake bi a ƙasar Hausa, harafin shin 1000 ne, ra 200, lam 30, ba kuma 2. Haruffan nan huɗu sun wadatar a rubuta shekarar, kuma mawaƙi na iya jera su yadda za su dace da karin waƙarsa.

To amma akwai tarko. Ƙasar Hausa tana bin lissafin Magariba ne. A lissafin Gabas, wanda ake bi a Masar da Hijaz, shin 300 ne. Wanda ya yi amfani da shi zai sami 532, ya yi kuskuren shekaru 700 cif.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi amfani da wata dabarar. A zamanin mulkin ɗan'uwanta Muhammadu Bello, lokacin da Sakkwato ke fuskantar barazanar yaƙi, ta tsara wata waƙa da Fulatanci wadda idan aka tattara haruffan farko na baitocinta za su ba da aya ta biyar ta suratu Alam Nashraha, mai yin bushara da sauƙi a lokacin tsanani.

Wanda bai haddace surar ba zai karanta waƙar har ƙarshe bai ga saƙon ba.

A ƙarni na 20, mawaƙa irin su Aƙilu Aliyu, wanda aka tattara wasu waƙoƙinsa cikin littafin Fasaha Aƙiliya, sun ci gaba da sarrafa kalmomi masu kama da juna a furuci amma ma'anarsu ta sha bamban.

Me ya hana a yi da Hausa?

Jaridu da gidajen rediyon Hausa sun daɗe suna da filayen kacici-kacici da wasa ƙwaƙwalwa. Sai dai irin wannan mai ɓoyayyar ma'ana, wanda ake bugawa kullum cikin gidajen dara, bai zama ruwan dare ba.

Ba wai wasan ya keɓanta da Ingilishi ba ne. Ana yin sa da harshen Holland da Ibrananci, mujallar jaridar Die Zeit ta Jamus ma tana da nata, a Indiya kuma ana yi da wasu harsunan ƙasar.

Ta wata fuskar ma Hausa ta fi dacewa da shi. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka kalmomin da kunne ke bambantawa sukan zama ɗaya a ido. Wuya na iya zama gaɓar jiki ko wahala. Gari na iya zama birni ko abin tuwo. Fari na iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko abin da budurwa ke yi da ido. Zango kuma masaukin fatake ne, sannan ƙaramar hukuma ce a masarautar Daura.

Abin da ɗalibi ke kuka da shi a aji, shi ne jarin mai tsara kacici-kacici.

Amma akwai matsalolin da sai an daidaita su. Ta farko ita ce haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko a shekarun 1930. A cikin gidan dara, Daura da ɗaura ba kalma ɗaya ba ce, haka ma baki da baƙi. Mutane da yawa kuwa, musamman a wayoyin salula da shafukan sada zumunta, sun daina sa lanƙwasar.

Ta biyu ita ce tagwayen haruffa kamar sh da ts: gida ɗaya za su ci ko biyu? Masu yin wasan da harshen Wales sun zaɓi su sa irin waɗannan a gida ɗaya. A Japan kuwa kowane gida gaɓa guda yake ɗauka, tsarin da ya yi daidai da yadda mai zaurance ke yanka kalma.

Ta uku ita ce karin harshe. Abin da Bakano zai rubuta biyar, Basakkwace zai ce biyat, kuma tafi a wani wuri tahi ce. A Birtaniya masu wasanni mafiya wuya sukan ayyana ƙamus guda, na Chambers, a matsayin alƙali. Da Hausa akwai ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006.

Rumbun da ake ɗiba

Waɗannan duk matsaloli ne da za a iya warwarewa a zama ɗaya. Wadda ta fi su girma ita ce ta abin da mai tambaya da mai amsa suka yi tarayya a kansa.

Ishara ba ta aiki sai tsakanin mutanen da suka karanta abu ɗaya ko suka ji labari ɗaya.

Ga wanda ya yi firamare a lokacin da ake karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, tambayar “Tsuntsun da ya zama waziri (3)” ba ta bukatar tunani, aku ne. Idan aka ce abokin hamayyar Alhaji Imam a Ruwan Bagaja, zai ce Malam Zurƙe. Idan aka ce matar Gizo, zai ce Ƙoƙi.

Ga wanda bai taɓa buɗe waɗannan littattafai ba, kuma bai tashi ana yi masa tatsuniya ba, tambayoyin rufaffu ne, komai kaifin basirarsa.

Birtaniya ta riga ta ga irin wannan sauyi. Da karatun Latin da haddar waƙoƙi suka ja baya a makarantu, sai jaridar Times ta daina tambayoyin nan na cike kalmar da aka cire daga baitin waƙa, wasan ya ƙara karkata ga sarrafa haruffa, wanda kowa zai iya koya.

A ƙasar Hausa ma hirar dare ta sami kishiyoyi, daga rediyo da finafinai zuwa wayar hannu. Tun a farkon shekarun 1970 marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasanni cikin jerin littattafai domin 'yan makaranta, kuma sassan nazarin Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina suna koyar da adabin baka. To amma abin da aka adana a littafi dabam yake da abin da ake wasa da shi kullum.

A nan ne shafin kacici-kacici zai iya yin amfani. Wanda ya kasa amsa yau, gobe zai ga amsar a jarida, ya kuma nemi sanin dalili. Wanda bai san Bagauda ba zai tambaya, daga nan ya ji labarin Bawo, daga Bawo ya kai ga rijiyar Kusugu, wadda har yanzu tana nan a cikin birnin Daura, masu ziyara suna zuwa suna shan ruwanta.

Kuma mai tsara wasan ba zai rasa kayan aiki ba. Rumbun ya haɗa da Alƙur'ani da littattafan zaure, da waƙoƙin masu jihadi, da na makaɗan fada, da littattafan gasar 1933 irin su Ganɗoki da Shaihu Umar, har zuwa littattafan soyayya na Kano da finafinan Hausa, waɗanda matasa suka fi sani.

Ga wanda ke son gwadawa, ga ɗaya da ta haɗa dabarun biyu, ishara da ɓoye kalma: “Kada ku ce sai an kai masu gudummawa, ku su guda nawa ne a bakin rijiyar Sarki? (6).”

Wanda ya kasa, sai ya ba da gari.